"Kofin mata ba kofi ba ne": amsa ga 'yan uwana 'yan Barca

A gidan kallon bal na unguwarmu aka yi wata magana da ta tsaya min a rai. Wani ɗan Madrid ne yake tsokana irin wadda aka saba, wai rabon Barca da kofin Zakarun Turai tun 2015, yaran da aka haifa a shekarar ma yanzu sun kusa gama firamare. Sai wani matashi daga baya ya ce ai matanmu sun ɗauka har sau uku. Ba ɗan Madrid ɗin ne ya ba shi amsa ba, wani ɗan Barca ne ɗan uwansa, sanye da jesin Lamine Yamal, ya juyo ya ce "kai dalla bar wannan zancen kar ka ja mana raini, kofin mata ai ba kofi ba ne."

Da ɗan Madrid ne ya faɗa da ban damu ba, adawa ce, aikinsa yake yi. Amma ɗan Barca?

Ni dai ra'ayina shi ne, daga 2019 zuwa 2025 babu wani ɓangare na kulob ɗin Barcelona da ya riƙe mutuncin sunan nan kamar ƙungiyar mata, kuma ba sa'a ba ce, ba kuma don "babu abokan karawa" ba ne kamar yadda wasu ke faɗa, aiki aka yi na shekara da shekaru, aka sha kashi aka daure. Duk wanda ya ce yana son Barca don salon wasanta amma yana raina waɗannan matan, to ya sake duba abin da yake so ɗin.

Daga inda aka taso

Ranar 25 ga Disamba 1970 ne mata suka fara buga wasa a Camp Nou da sunan Barcelona. Wata budurwa mai suna Immaculada Cabecerán ce ta je ta samu shugaban kulob na lokacin, Agustí Montal, ta ce suna son su buga, aka sa sanarwa a mujalla, 'yan mata suka taru. Tsohon golan kulob ɗin Antoni Ramallets shi ya yi musu koci. Amma ko jesin Barca ba a ba su ba, da fararen riguna suka fito, babu tambarin kulob a ƙirji. Wato ku buga dai mu gani, amma kar a ce namu ne.

Haka aka yi ta tafiya sama da shekara talatin, suna raɓe da kulob ɗin ba ciki ba waje. Sun ci kofin Sarauniya a 1994, amma sai a 2002 aka mai da su ɓangare na kulob a hukumance. Kuma kar wani ya ɗauka daga nan sai cin kofuna, a 2007 faɗowa suka yi rukuni na biyu. Barcelona fa, a lokacin da su Ronaldinho da Eto'o ke tashe, matanta suna can gasar 'yan dagaji. Koci Xavi Llorens ne ya dawo da su sama a 2008, ya yi ta gini a hankali har suka ci lig na farko a 2012, suka jera huɗu zuwa 2015.

Wajen da na fi son mutane su lura shi ne nan. A 2015 kulob ya yanke shawarar mai da su ƙwararru, wato ƙwallo ta zama sana'arsu da albashi, a yi atisaye da safe kamar maza, ba a taso daga wajen aiki ko makaranta a zo da daddare a gaje ba. To ka san me ya biyo baya? Shekara huɗu ba su ci lig ba. Athletic Bilbao ta ɗauka a 2016, Atletico Madrid ta jera uku. An zuba kuɗi, an sayo manya irin su Lieke Martens a 2017, amma kofi ya ƙi zuwa. A wani wajen da tuni an ce asara ce a rufe. Ba su rufe ba.

Budapest

A watan Mayun 2019 abu biyu suka faru da Barca. Ranar 7 ga wata Liverpool ta zuba wa maza huɗu a Anfield, kowa ya san wannan, 'yan Madrid ba za su bari mu manta ba. Ranar 18 ga wata kuma mata suka buga fainal ɗinsu na farko na Zakarun Turai da Lyon a Budapest, su ma huɗu suka sha, kuma cikin minti talatin na farko aka gama da su, Ada Hegerberg ita kaɗai ta ci uku. Ƙwallo ɗaya tilo da Barca ta farke ana daf da tashi, Asisat Oshoala ce ta ci, 'yar Ikorodu, tsohuwar 'yar wasan Rivers Angels, wadda ba ta fi wata huɗu da zuwa kulob ɗin aro daga Sin ba. Ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a fainal ɗin gasar.

Duka iri ɗaya, amma dubi abin da kowa ya yi da nasa. Maza shekara ta zagayo suka karɓi 8-2 a hannun Bayern. Mata kuwa, kamar yadda kocinsu na lokacin Lluís Cortés ya sha faɗa, tun a filin jirgi manyan 'yan wasan suka same shi suka ce a ƙara musu atisaye, sun ga tazarar da ke tsakaninsu da Lyon ta ƙarfin jiki ce, kuma suna so a rufe ta. 'Yan wasa ne fa da kansu suke roƙon a ƙara musu wahala.

Shekara biyu bayan nan, 16 ga Mayu 2021 a Gothenburg, suka yi wa Chelsea irin abin da aka yi musu, huɗu da nema kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da wannan Barca ta zama kulob na farko da ya ci kofin Zakarun Turai na maza da na mata. Wannan tarihi ne da Madrid ba ta da shi, kai kuma ɗan Barca kana cewa a bar zancen.

"Ai yara 'yan shekara 15 ma za su cinye su"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma kullum misali ɗaya ne, wasan atisayen da tawagar matan Amurka ta sha 5-2 a hannun yaran FC Dallas 'yan ƙasa da shekara 15 a 2017. Gaskiya ne an yi. Namiji ya fi mace gudu da ƙarfi da tsalle, ba wanda ke musun wannan, shi ya sa ma aka raba gasar tun farko.

Amma lokacin da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, daƙiƙa 12.12, wa ya ce ba za mu yi murna ba sai ta yi tsere da maza? Ba kowa, duk Najeriya aka yi ta yaɗa hotonta tana kuka ana taken ƙasa. Ana auna ɗan wasa ne da sa'o'insa. Kuma abin dariyar, mu 'yan Barca mu ne muka shekara goma muna gaya wa duniya cewa ƙwallo ba gudu da ƙarfi ba ce, kai ne, muna nuna Xavi da Iniesta da ba su da tsawo ba su da ƙirji. Yau an zo kan Aitana Bonmatí, wadda in ka ga yadda take karɓar bal ta juya a tsakanin mutum uku, ta riga ta san inda za ta ba da tun kafin ta iso ƙafarta, sai kuma mu koma maganar ƙwanji? To ku zaɓi ɗaya.

Aitana tana shekara 14 ta shigo Barca, daga garinsu Sant Pere de Ribes take hawa mota da jirgin ƙasa ta je atisaye ta dawo gida da dare. Ta ci Ballon d'Or a 2023 da 2024 da 2025. Kafin ita Alexia Putellas ta ci a 2021 da 2022. Shekara biyar a jere kyautar ba ta bar kulob ɗaya ba.

"Ba su da abokan hamayya"

A nan zan ba masu wannan magana rabin gaskiyarsu. Lig ɗin mata na Sifen ya yi wa Barca kaɗan. A kakar 2021/22 wasa 30 suka buga suka ci 30, ko canjaras babu. Akwai ranakun da za ka kunna ka ga an yi bakwai an yi takwas, ka rasa me kake kallo, ni kaina irin waɗannan wasannin ba na kai su ƙarshe. Wannan ba abin alfahari ba ne ga gasar.

Sai dai laifin waye? Real Madrid da duk kuɗinta ba ta da ƙungiyar mata sam sai 2020, shi ma wani ƙaramin kulob ne mai suna Tacón ta saya ta canza masa suna. Tun daga nan kuma Barca ke casa su duk haɗuwa, sai a watan Maris 2025 suka samu suka yi nasarar farko. Wanda ya shuka da wuri ba za a zarge shi don maƙwabcinsa ya makara ba. A 2023 ma 'yan wasan lig ɗin sai da suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, wanda a lokacin yuro dubu 16 ne a shekara. Wannan shi ne halin da yawancin sauran ƙungiyoyin suke ciki.

Sannan in Sifen ba hamayya, Turai fa? Lyon tana da kofin nan guda takwas. A 2022 Barca ta je Turin tana ganin ta gama da kowa, Lyon ta sake ba ta 3-1, Amandine Henry ta ɗirka wata ƙwallo daga nesa tun a mintunan farko wadda har yau in an nuna sai ka riƙe baki. A 2023 a Eindhoven, Wolfsburg ta shiga hutun rabin lokaci tana gaba da biyu da nema, Ewa Pajor da Alexandra Popp suka ci. Aka dawo, cikin minti biyar Patri Guijarro ta farke duka biyun, ɗaya da ƙafa ɗaya da ka, Fridolina Rolfö ta ƙara ta uku a wajen minti na 70. Da maza ne suka yi wannan da har yanzu muna sa shi a status. Ita Pajor ɗin ma shekara ɗaya bayan nan Barca ta ɗauko ta.

Sai 2024 a Bilbao, aka sake haɗuwa da Lyon, ƙungiyar da ba su taɓa ci ba ko sau ɗaya. Aitana ta ci, Alexia ta shigo daga benci ana daf da tashi ta ƙara ta biyu, mace da ta yi kusan shekara tana jinyar gwiwa. Mutum sama da dubu 50 a filin San Mamés, mafi yawansu 'yan Barca. A kakar nan kofi huɗu suka haɗa. Daga 2019 zuwa 2025 fainal shida, sun ci uku sun faɗi uku. Wanda ba shi da abokin hamayya ba ya faɗuwa fainal uku.

"Ba wanda yake kallo"

Ranar 30 ga Maris 2022 mutum 91,553 suka shiga Camp Nou kallon matan Barca da na Madrid, aka tashi 5-2. Ranar 22 ga Afrilu aka karya wannan tarihin da mutum 91,648 a wasan Wolfsburg.

Za a ce ai tikitin arha aka yi, masu katin kulob ma kusan kyauta suka samu. Haka ne. Amma katin biki ma kyauta ake raba shi, kuma ba kowane biki ake cika ba. Mutum ya baro gidansa da yamma a ranar aiki, ya ɗauko yara, ya biya kuɗin mota, ba ya yin haka don abin da ba ya so.

Kuma ku tuna abin da ya faru a tsakanin ranakun nan biyu. Ranar 14 ga Afrilu maza suka karɓi Eintracht Frankfurt a filin nan dai, a gasar Europa ma ba Zakarun Turai ba, Jamusawa wajen dubu 30 suka cika wajen da fararen riguna kamar a gidansu, suka ci 3-2 suka yi waje da mu. Messi ya tafi, bashi ya yi wa kulob katutu, shugaba Laporta da bakinsa ya ce ya ji kunya. A watan nan in ba don matan ba, da me ɗan Barca zai ɗaga kai?

Wannan zance na ba a kallo tsoho ne. A 1920 wata ƙungiyar mata ma'aikatan masana'anta a Ingila, Dick, Kerr Ladies, ta tara mutum kusan dubu 53 a Goodison Park, filin Everton. Shekara ɗaya bayan nan hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, haramcin da ya kai shekara hamsin. Ka ɗaure mutum rabin ƙarni sannan ka zo kana tambaya me ya sa yake baya.

"Ba al'adarmu ba ce"

Wannan ba zan yi wasa da ita ba. Wanda ya ce shi addininsa bai bar shi ya zauna yana kallon mata da gajeren wando ba, ba ni da ja da shi, kuma ba da shi nake ba. Hujja ce mai nauyi, akwai malamai da suka fi ni sanin hukuncinta, kowa kuma ya san abin da zai iya amsawa gaban Ubangijinsa. Ba na cewa dole kowa ya kalla, ba na kuma cewa kowa ya tura 'yarsa fili.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a haɗa biyu. Ka ce ba ka kallo, sannan ka ce ba su iya ba. To ta ina ka sani? In don tsoron Allah ka kau da kai, sai ka kama bakinka a kan ingancin wasan da ba ka gani ba. Shi mai jesin Yamal ba maganar addini ya yi ba, raini ne kawai.

Kuma rainin nan ba a kan Turawa kaɗai ya tsaya ba. Oshoala musulma ce, ta sha ba da labarin yadda iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko, ta zo ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, ta yi kunnen doki a yawan cin ƙwallaye a lig ɗin Sifen a 2022 da ƙwallo 20 duk da raunin da ta yi fama da shi. Mu nawa ne 'yan Barca a nan da muka san 'yar ƙasarmu ta shekara biyar a kulob ɗin da muke kwana muna musu a kansa? A Lafiya akwai Nasarawa Amazons, sun ci lig ɗin mata na Najeriya a 2013 da 2017. A 2019 ranar da Kano Pillars ta ɗauki kofin Aiteo a filin Ahmadu Bello na Kaduna, a filin nan a ranar nan Amazons suka doke Rivers Angels a bugun fenareti suka ɗauki na mata. Tambayi mutum goma da suka yi murnar Pillars, da wuya biyu su tuna.

Inda ya kamata ɗan Barca ya yi faɗa

"Ai da kuɗin maza ake riƙe su." Da farko haka ne, kamar yadda da kuɗin manya ake riƙe La Masia, makarantar horar da yaran kulob ɗin, ba wanda ya kira shi asara. Amma a 2018 matan suka samu kamfanin da ya sa sunansa a gaban rigarsu su kaɗai a lokacin, Stanley, suna da filin Johan Cruyff mai cin mutum dubu shida, suna sayar da jesi da sunan Alexia da Aitana. A 2021 aka fara ɗaukar 'yan mata su zauna a La Masia. Tawagar Sifen da ta ci kofin duniya a 2023 ƙashin bayanta 'yan Barca ne.

Yanzu ma abin ya juye. Barnar kuɗin da aka yi a ɓangaren maza, su Coutinho da Dembélé da Griezmann da aka saya kowanne sama da yuro miliyan ɗari, da albashin da ya fi ƙarfin kulob, ita ce ta jawo matsin da ya shafi kowane ɓangare, har da waɗanda ba su ci ba su sha ba. Dubi waɗanda suka fita cikin ɗan lokaci: Oshoala ta tafi Amurka a farkon 2024, koci Jonatan Giráldez shi ma ya bi, Lucy Bronze da Keira Walsh sun koma Chelsea, Rolfö ta tafi Manchester United, Ingrid Engen ta koma Lyon. Wasu don kansu suka tafi, ba duka ne laifin kuɗi ba, amma waɗanda aka kawo ba su kai yawan waɗanda suka fita ba, benci ya rage kauri, ana ta jingina da yara 'yan akademi. A lokaci guda kuma ƙungiyoyin Ingila da na Amurka suna ta zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa.

Wadda ta fi min ciwo ita ce Mariona Caldentey. Shekara goma ta yi a Barca, tana cikin waɗanda aka zuba wa huɗu a Budapest, tana cikin waɗanda suka rama a Bilbao, kwantiraginta ya ƙare a 2024 ta tafi Arsenal ko sisi ba a karɓa ba. Ranar 24 ga Mayu 2025 a Lisbon, Arsenal ta ci Barca ɗaya mai ban haushi a fainal, Stina Blackstenius ta shigo daga benci ta ci, Mariona kuma ita ke riƙe musu tsakiya. Wannan ita ce tambayar da nake son in ji 'yan Barca suna yi wa su Laporta, ta yaya aka bari ta tafi, kuma wa zai biyo bayanta.